Sunaye Bakwai da Na Saka a Waƙa

Kwana uku muka yi a hanya kafin in ga teku. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, kuma sunayen da ke cikin wannan labari ba na masu su ba ne, ni na raɗa masu.

Abin da na fi tunawa a hanyar shi ne yadda ƙasa ke sauya launi ta tagar kar, babbar motar fasinja. Farin yashinmu na Gazawa da Agye ya ƙare, jar ƙasa ta karɓa, daga nan sai kurmi mai duhu wanda rana ba ta taɓa gindinsa. A cinyata akwai littafin da nake rubuta waƙoƙi tun ina makarantar lise, da takardar gama jami'a cikin leda. A gefena wata dattijuwa ce 'yar Cadakori mai fataucin aya, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Da muka kusa iyaka ta ƙarshe sai ta zuba mini aya a hannu, ta ce, "Ɗiyata, in akwai zancen siyasa a salularki, ko na wasa ne, share shi yanzu. A can waya ce ke kai mai ita."

Na yi murmushi. Babu komai cikin tawa sai hotunan gajimare da na ƙannena. Jami'in iyakar ya karɓa, ya yi ta ja da yatsa, ya ga gajimare ya fi hamsin, ya dube ni kamar mai tausaya wa marar lafiya, ya miƙo mini.

Tanti Hasiya ce ta tarbe ni a tasha. 'Yar unguwarmu ce, tare suka tashi da Innata, aure ya kai ta can tun ban yi wayo ba. Wani zuwa gida da ta yi ne ta ji ina karanta waƙa a bikin wata ƙawata, ta ce da Inna, "Alƙalamin yarinyar nan zai ciyar da ke. Ba ni ita, akwai aikin rubutu a buronmu, ofishin da nake aiki." Shekara biyu ke nan ina zaune da takarda ba aiki. Inna ba ta yi gardama ba, ai Hasiya ce.

Ba gidanta ta kai ni ba. Ta ce gidan ya cika, amma ta samo mini ɗaki a zango, unguwar Hausawa, gidan wani tela. "Mutanen kirki ne," in ji ta. "Ki yi masu ladabi irin na gida, ki shiga jikinsu."

Washegari ta kai ni buro. Ɗaki ne a saman wani shagon tayil, 'yan mata takwas zaune, kowace da faranti a gabanta, a kan farantin kuwa wayoyi goma-goma jere kamar waina. Tanti ta zaunar da ni ta yi mini karatu.

"Jam'iyya iri uku ce a ƙasar nan. Akwai ta mai gida, shi ke mulki tun ba a haife ki ba. Akwai irin tamu, Tsani, 'yan adawa masu takarda. Sai Ƙwarya, wadda aka haramta. Shugabanninta duk sun gudu Turai."

"To mu da me muke adawa, Tanti?"

"Da kwata da ramukan hanya," ta ce tana dariya. "Ki soki magajin gari, ki soki masu kwasar shara, ki yi kuka da tsadar kifi. Amma mai gida, ko hularsa kada ki taɓa."

Aikina shi ne in zama mutum goma a intanet. Kowace waya da sunanta da hotonta, in shiga shafin jam'iyya da zaurukan hira na 'yan zango in yi ta magana da Hausa, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya gaskata, ɗaya ya yi ɗan musu don abin ya yi kama da gaske. Ina jin kunyar faɗa, amma da farko na ji daɗin aikin. Na ba kowanensu hali. Akwai Hajiya Mai Haƙuri da ke fara kowace magana da salati, akwai wani direba mai zafin kai, akwai ɗalibi mai son karin magana. Har iyali na yi masu a zuciyata. Na ɗauka wasan kwaikwayo nake rubutawa.

Ranar Alhamis kuwa aikin yakan sauya. Ranar ce jagoran Ƙwarya ke magana ta bidiyo daga Turai. An toshe shafinsu a ƙasar, kuma duk Alhamis rezon intanet sai ya yi nauyi kamar jakin da aka yi wa lodi. Mu kuma a ba mu jimloli a takarda mu watsa: yana zaune cikin sanyi yana tura 'ya'yan talakawa wuta, da makamantansu. Duk da haka kafin la'asar ta Asabar zango kaf ta san abin da ya ce, har masu wanki na maimaitawa. Wannan abu na cin ran Tanti. "Ta ina yake shigowa?" takan ce, tana buga faranti. "Ba zaure gare su ba, ba lamba, ba suna. Aljanu ne?"

A gida kuwa wata duniya ce. Baba Isiyaku tela tsoho ne siriri, tabarau ɗaure da zare, kekensa na ɗinki a zaure yana fuskantar ƙofa. Matarsa Inna Azumi tana ƙyafe kifi a bayan gida, hayaƙin ya kama komai har littafina. Ba su da ɗa a kusa. Kakan Baba daga Tsibiri ya zo da ayarin goro, shi kuwa bai taɓa taka arewa ba, sai ya mai da ni tagarsa.

"Balkisa, da gaske akwai itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani?"

"Gawo ke nan, Baba. Akwai biyu a gonarmu."

"Kin ji, Azumi? Na ce miki kakana ba ya ƙarya."

"Ya dai yi ta ɗaya," in ji Inna daga cikin hayaƙi, "da ya ce jikansa zai yi arziki."

Ya san inda nake aiki. Ranar da na gaya masa, ya ɗan tsayar da keken, ya ce, "Kowa da inda Allah ya ajiye masa tuwonsa," ya ci gaba. Bai ƙara tayar da maganar ba.

Duk Juma'a bayan an sauko, wasu mutum shida sukan biyo ta zauren ɗaya bayan ɗaya, kowa da wando a leda, a gyara masa kalmasar ƙafa. Baba ya warware, ya sake ɗinkewa, mai shi ya karɓa ya tafi. Mako na gaba su dawo da wandon. Na ce, "Baba, mutanen nan tsawo suke ƙarawa kowane mako?"

Ya yi dariya har tabaran ya zame. "Iskar teku ce, ɗiyata. Miƙar da mutum take."

Wata na huɗu damina ta sauka, irin wadda ban taɓa gani ba, ruwa kwana da kwanaki ba tsayawa. Zazzaɓin sauro ya kayar da ni. Mako uku na yi a kwance, ina ganin gawon gonarmu a jikin bango, ina jin sautin daka daga gidajen da babu turmi. Inna Azumi ta bar kifinta ta zauna a kaina. Wata rana cikin zafin ciwo na ce fura nake so. A garin babu mai cin gero, na tsuntsaye ake sayarwa a gwangwani. Baba ya rufe zaure ya zagaya kasuwa uku a ƙafa cikin ruwa har ya samo, Inna ta daka a turmin yaji. Furar ta fito da ɗanɗanon barkono da hayaƙi. Na sha ina kuka, ita tana cewa, "In ba ta yi ba ki faɗa, ba a fushi da marar lafiya."

Mutanen Juma'a ma ba su bar ni ba. Wannan ya zo da lemu, wancan da zuma, wani ya kawo gidan sauro sabo. Ba sa shigowa, daga bakin ƙofa suke gaisuwa. Ni kuwa an koya mini ba a cin alherin wanda ba a sani ba, sai in tambayi Inna wa ya kawo. Ita ma 'yar gidan mutunci ce, sai ta faɗa mini: wannan Malam Garba ne mai gyaran agogo, wancan Ɗanladi mai walda. Na riƙe su duka.

Tanti ta zo sau ɗaya, ranar wata Juma'a. Ba ta zauna ba. Na ga idonta a kan takalman da ke bakin zaure, na ɗauka ƙyamar laka take yi.

Da na koma buro ta rungume ni, ta ce na rame. Sannan ta ce, "Mutanen nan sun yi miki abin da uwa ke yi. Me kika saka masu da shi?"

Na ce ba ni da komai.

"Kina da baki. Yi masu waƙa, ki rera da muryarki, mu sa a shafinmu zango duka ta ji. Kuma ki kira suna. Ko kin manta Kaka Dije?"

Ta san inda za ta taɓa. Kaka Dije kakata ce, mai waƙar niƙa da ta biki, wadda duk Gazawa ta sani. Takan ce wanda aka yi wa alheri ya yi godiya ba suna, ɓarawo ne mai ladabi. A wurinmu waƙa ba ta cika sai an jero mutane, wane ɗan wane na unguwa kaza, don ya ji, maƙwabtansa su ji, jikokinsa su gada.

Da yamma na gaya wa Baba zan sa shi a waƙa, shi da abokansa. Ya ɗago kai da sauri. "A'a, Balkisa. Bar sunaye. A garin nan ba a son suna ya yi tafiya."

"Haba Baba."

"Da gaske nake. Ki gode wa Allah, ya wadatar."

Na sunkuyar da kai na ce to. A raina kuwa murmushi nake. Wane dattijo ne a Gazawa za a ce za a yabe shi ya ce bismilla? Kowa sai ya ce a'a, a bari, ba komai, in an rera kuma ya share hawaye da gefen rawani. Na ɗauka kunya ce irin ta gida. Ya faɗa mini gaskiya a fili, ni kuwa na ji ta da kunnen Gazawa.

Kwana biyu na yi ina rubutawa. Ga kaɗan daga ciki:

Baƙuwa na zo, ciwo ya kama ni,
Ba uwa kusa, ba ɗan'uwa.
Baba Isiyaku ya buɗe ƙofa,
Inna ta ba ni ruwa da inuwa.
Malam Garba mai gyaran agogo,
Na bakin tsohuwar kasuwa,
Ɗanladi mai walda na bayan tasha,
Allah raba ku da damuwa.

Da farko ban sa wuraren ba. Tanti ce ta karanta ta ce, "Garba nawa ne a zango? Yabon da bai sami mai shi ba ai asara ne. Faɗi inda kowa yake." Na ga gaskiyarta, haka Kaka ma take yi. Na gyara, har na ji baitocin sun fi zama.

Ranar Litinin aka sa ta. A karo na farko da sunana na gaskiya da hotona, ba na Hajiya Mai Haƙuri ba. Mutane suka yi ta saurare, suna sa albarka. Na aika wa Innata, ta kira ni, ta ce Kaka ta dawo. Na so in kunna wa Baba, amma na ce bari sai Juma'a, in duk sun taru.

Ranar Laraba da la'asar na dawo na tarar da zaure a buɗe, keke a kife, zare ya warwatse har bakin kwata. Duk wandon da ke shagon an farke masa ƙafa. Inna Azumi na zaune a ƙasa a tsakar gida, kifinta ya ƙone a kan ragar ƙarfe, ba ta tashi ba.

"Da hantsi suka zo," ta ce. "Mota ba lamba. Sun riga sun biya ta kasuwa da bayan tasha. Su bakwai."

"Me suka yi, Inna?"

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta gaya mini. Akwai mai sauko da jawabin Alhamis ta wata hanya, ya sa a ɗan katin waya wanda bai kai farce ba. Baba ke ɗinke katunan cikin kalmasar wando. Mutum shida su fita da su, kowa unguwarsa, daga waya zuwa waya, hannu da hannu, ba tare da an hau intanet ba. Shekara huɗu suna yi. An daɗe ana zargin zauren, amma ba a san su wa ke ɗauka ba, don ko a junansu ba sa kiran suna a waya.

"Ɗaya daga cikin masu motar," in ji ta, "waƙarki yake kunnawa. Yana bi baiti-baiti."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce ban sani ba, wallahi ban sani ba.

"Na san ba ki sani ba. Ni na faɗa miki sunayen, ai." Ta share fuska da bakin zane. "Ke yarinya ce mai tarbiyya, Balkisa. Tarbiyyar ce ta cinye mu."

Da safe na tafi buro. Tanti ta riga ni, tana shan shayi. Kafin in buɗe baki ta turo mini takarda. "Yau aiki gare mu. Jam'iyyar Tsani na kira da a saki 'yan zango bakwai da aka kama. Rubuta da zafi, amma kada ki ambaci mai gida. Wayoyinki goma duk su yi kuka."

"Tanti, kin sani."

"Zauna."

"Kin san abin da za a yi da waƙar."

Ta ajiye kofin a hankali. "Kina tsammani takardar da ta ba mu damar buɗe wannan buro kyauta ake ba da ita? Kowace jam'iyya mai takarda da abin da take kai wa mai gida. Mu namu ke nan."

"Kin ce wa Innata don alƙalamina kika ɗauko ni."

"Masu alƙalami sun cika garin nan, ɗiyata. Abin da babu shi ne baƙuwa mai ladabi, wadda tsoho zai buɗe wa ƙofa, wadda ba ta iya cin lemu ba ta tambayi wa ya kawo ba. Da na ji ki a bikin nan kina jero sunayen masu girki ɗaya-ɗaya, na ce ga ta." Ta gyara ɗankwali. "Ciwon dai ba ni na sa miki ba. Ki zauna ki yi aiki, babu mai taɓa ki. In kin fita ƙofar nan, ba ki da kowa."

Na fita. Ban ɗauki komai ba sai littafina.

Na zaci ƙarshen cin amanar ke nan. Kwana biyu bayan haka hotona ya fito a shafin Ƙwarya na Turai, ya zagaya zango ta hanyar da labaransu ke zagayawa. A ƙarƙashinsa an rubuta: 'yar leƙen asiri daga Nijar. Mai kantin da ke kirana 'yar Baba ya daina amsa gaisuwata. Mata suka riƙa janye bokiti in na zo famfo. Na rubuta wa masu shafin doguwar wasiƙa, na faɗi komai, da Tanti, da buro, da farantan wayoyi, na roƙe su su yi amfani da ita a ceci mutanen. Suka yanke layi biyu daga ciki, inda na ce ni na kira sunayen da bakina, suka buga da manyan baƙaƙe: ta amsa laifinta. Sauran ba su taɓa fitowa ba. Su ma abin da zai yi masu aiki suka ɗiba. A shafin Tsani kuwa Hajiya Mai Haƙuri na nan tana salati tana kukan mutum bakwai, wata yarinya ta gaji wayata.

Kwana takwas muna kai abinci komisariyar 'yan sanda, ni da Inna, ina riƙe da kwano ita tana gaba. Ana karɓa, ana dawo da kwanon wanke. Rana ta tara mai gadin ya turo shi da abincin a ciki, ya ce an ɗauke su. Ina? Bai sani ba. Muka tsaya a rana, Inna ta buɗe kwanon ta duba kamar amsar na ciki, ta rufe.

Ita ce ta nemo mini dattijuwar nan mai aya, wadda ta sayar da kayanta za ta koma arewa. "Zamanki a nan ba zai dawo da shi ba," in ji Inna, "kuma samarin unguwa sun fara magana." A tasha ta ba ni ƙunshi. Riga ce shuɗiya da Baba ya fara ɗinka mini ta Salla ban sani ba. Hannu ɗaya an gama, ɗayan yana maƙale da allurai.

"Ban iya keke ba," in ji Inna. "Ki kai a ƙarasa miki a can."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Hau, za su tashi." Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tsaya har muka karya kwana.

Yau shekara biyu da dawowata. Ina koyarwa a wata lakol kusa da Gazawa. Lambar Inna Azumi ta daina shiga tun watan farko. Na tambayi direbobi, na tambayi mai aya duk zuwanta, babu wanda ya san inda aka kai su. Shafukan biyu sun daɗe da komawa wasu zantukan. Tanti ta zo gida bara da babbar Salla, ta aiko wa Innata turmin atamfa. Rigar na cikin akwati da alluranta, ban kai wa kowa ba.

Innata ba ta san komai ba sai cewa aikin bai karɓe ni ba. Ran nan bayan sallar la'asar tana kan tabarma da carbi, ta ce, "Mutanen nan da suka yi jinyarki, waƙar ta ɓace mini a waya. Faɗo mini su ɗaya-ɗaya in sa su a addu'a."

Suna nan a bakina, su bakwai, a jere, kowa da sana'arsa da unguwarsa. Na dubi ƙofar gida, na dubi salularta da ke gefen tabarma.

"Ki yi kawai, Inna," na ce. "Allah ya san su."